Shekarar da Na Kai Mmanku Bakin Teku

Shekarar da idon Mmanku, mahaifiyarku, ya fara rufewa na ɗauke ta na kai ta Lome da Ankara, babban birnin Gana, mu uku da 'yar'uwarku Safiya. Mun shiga garuruwan nan biyu mun fita ban taka ƙofar gidan kowa ba cikin mutanenmu. Ban kai gaisuwa ba, ban kai saƙo ba, ban yi ta'aziyya ba. Wannan gaskiya ne. Kun ji ana faɗa a Dapango cewa Idi direba ya tsufa ya yi girman kai, wasu kuma sun ce 'yarsa mai boko ce ta juya shi. Ba haka aka yi ba. Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne Safiya tana rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

A zangon Dapango, unguwarmu ta Hausawa, aka haife ni, can aka haifi Mmanku. Bayan aure muka sauko Sokode saboda nan ce tsakiyar hanya. Babbar mota na ja tun ina da gashi baƙi har ya yi fari. Na ɗauki shanu, na ɗauki albasa, na ɗauki siminti. Sau ɗaya mota ta kife da ni kusa da Ankara. Yaron motata ya mutu a wurin. Ni na bar yatsu biyu, ƙugu kuma ya karye. Mai masaukina a unguwar Nima, Malam Hamidu, shi ya ɗauko ni daga asibiti ya kwantar da ni a ɗakinsa har na tashi. Matarsa Inna Asabe ita ta riƙa ɗura mini kunu a baki. Ku riƙe sunayen nan, za su dawo.

Duk shekarun nan Mmanku tana ƙofar gida tana sayar da shinkafa da wake. Da ciwon ya fara ba mu gane ba. Mutum zai tsaya a gefenta da kwano, ta ƙyale shi ta sallami wanda ke gabanta, sai aka fara cewa tana zaɓen masu saye. Safiya ce ta kai ta wurin likita. Ya ce irin ciwon nan ne mai cin ido daga gefe zuwa tsakiya. Ba a mai da abin da ya tafi, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Na tambaye shi yaushe zai rufe duka. Ya ce Allah ne masani, amma kada mu jinkirta abin da muke son yi. Mmanku ta dawo gida ta ɗora tukunya.

Damina ta fara, hutun makaranta na dogon zango ya kusa, wanda su Safiya ke kira vakansi. Wata rana da la'asar muna zaune ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, Mmanku tana tsince wake da yatsu ba ta ko kallon faranti, sai Safiya ta ajiye littattafan ɗalibanta.

"Mma, me kike son gani?"

"Me zan gani? Na gan ku."

"Ban da mu."

Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Can ta ce, "Teku dai. Ubanku in ya dawo daga tafiya rigarsa tana warin gishiri, in na tambaya sai ya ce teku ne. Shi ke nan labarin. Shekara da shekaru ban samu ƙarin kalma ɗaya ba."

Safiya ta juyo wurina. "Baba, kai da ka san Lome, me ake kallo a can?"

"Tasha."

"Ban da tasha."

"Ƙofar tashar jirgin ruwa. Akwai layin motoci."

"Ankara fa?"

"Kasuwar albasa."

Mmanku ta yi dariya har wake ya zube mata a zane. Ta ce, "Kin ji mutumin da ya ga duniya."

Ba ƙarya ta yi ba. Direba ba ya ganin gari. Yana ganin bayan motar da ke gabansa. Tekun ma ta tagar mota na san shi, ban taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Daga ranar muka fara shiri, kuma ban taɓa jin daɗin zaman gida kamar makonnin nan ba. Kullum da la'asar Safiya za ta buɗe wayarta ta kai ta daf da fuskar Mmanku, ta ce ga wannan, ga wancan. Mmanku ta zaɓa. Bakin teku na farko. Sai babbar kasuwar Lome inda mata ke sayar da atamfa, don ta ce tana so ta ga launi ya taru wuri ɗaya. A Ankara ta zaɓi sabon masallacin nan mai ƙubbobi, da wurin da masunta ke jawo kwalekwalensu masu fenti. Ta ce in da hali ta ga jirgin sama yana sauka, ba yana wucewa can sama kamar ƙuda ba. Safiya ta so ta cusa wuri uku ko huɗu a kowace rana. Na ce a'a, gwiwar uwarki ba ta ɗalibanki ba ce, wuri ɗaya ya isa. Ita kuma ta ce bakin teku da sassafe za a je, don hasken rana mai ƙarfi yana kashe wa Mma ido. Wannan ban sani ba, na yarda. Muka yi gardama kan wane gari za a fara. Safiya ta ce Ankara, a gama da mai nisa. Na ce Lome, don in wani abu ya faru a kan iyaka, ta riga ta ga ruwan. Mmanku ta ce Lome. Ni na faɗi motar da za mu shiga, da gefen da za ta zauna don ta ga gonaki, da cewa mu tashi bayan asuba kafin hadari ya haɗu. Aka sabunta mata katin shaida. Ta kai sabon zane wurin tela. Maƙwabta suka fara kiranta Hajiyar teku, tana cewa su bari sai ta dawo.

Saura abu ɗaya. Ba a yin doguwar tafiya da iyali ba a yi sallama da babba ba. Babbanmu shi ne Yaya Garba, mahauci, yana nan Dapango a gidan ubanmu. Na hau mota na tafi. Bayan sallar Juma'a na same shi a zaure na gaya masa. Ya ji daɗi ƙwarai.

"Madalla. A Lome gidan Alhaji Tanko za ku sauka, matarsa ta haihu ba wanda ya je daga nan. Ankara kuwa ba sai na gaya maka ba. Malam Hamidu ya rasu tun kafin azumi, kai ta waya kawai ka yi ta'aziyya."

"Haka ne, Yaya."

"To Allah ya kawo hanya. Ka tafi da matarka, a ga mun san mutunci."

Kafin in kwana zango duka ya ji. Da safe ƙofar gida ta cika. Wannan ta kawo ƙullin daddawa a kai wa 'yarta a Lome. Wancan ya kawo kilishi a kai wa surukinsa a Nima. Wata tsohuwa ta kawo saiwoyi a kai wa mai jego. Yaya da kansa ya ɗaure zabi huɗu ya ce na gidan mamaci ne. Kowa yana faɗin gidan da za a shiga da wanda za a gaisar. Ban ƙi ko ɗaya ba. Ni kaina na aika saƙo ta hannun mutane duk rayuwata, na kuma ɗauki na mutane. Haka muke. Na ɗora kayan a saman mota na dawo Sokode.

Da la'asar muka zauna ƙarƙashin mangwaro kamar kullum. Na faɗi gidajen, Safiya tana neman inda za ta sa su cikin kwanakin. Ta sa gidan Alhaji Tanko, safiyar teku ta tafi. Ta sa gidan da za a kai daddawa, kasuwa ta tafi. Da muka zo Nima sai ta kife wayar.

Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku gane ba. In ka sauka gidan mutum a zango, kwanakinka nasa ne. Ba ka fita sai ka ci abincin safe, ba ka tashi sai na rana ya sauka. Gidan da ke kusa ya ji ka zo, dole ka shiga, in ba haka ba ka raina su. Namiji ma yana iya zamewa bayan salla. Mace kuwa can cikin ɗaki ake kai ta, mata su yi ta shigowa gaisuwa daga safe har magariba. Kuma ba za ka buɗe baki a gidan da aka yi rasuwa ka ce za ka kai matarka kallon ruwa ba. Mmanku ta taɓa zuwa Lome sau ɗaya, bikin ƙanwarta, tun Safiya tana goye. Ta kwana ta tashi a tsakar gida ɗaya, aka mai da ita tasha. Da ta dawo na tambaye ta me ta gani, ta ce bango da tukwane.

Ta gama jin lissafin gidajen ta ce, "A yi gaisuwar, Malam. Teku ba ya zuwa ko'ina."

"Teku ba ya zuwa ko'ina. Idonki fa?"

"Kada a zage ka saboda ni."

Safiya ta ce, "Baba, ko mu shiga gidan Malam Hamidu kaɗai, mu bar sauran?"

"Wanda ya shiga gida ɗaya a Nima ya shiga duka."

Ban yanke komai ba a ranar. Washegari ɗaya daga zabin Yaya ta tsinke igiya. Ta bi ta tsakar gida da gudu, Safiya tana bin ta, matar maƙwabci tana tare ƙofa. Zabuwar ta zo ta gefen Mmanku har fiffikenta ya taɓa mata zane. Mmanku tana zaune ido buɗe tana kallon gabanta.

"Ina take? Ta ina ta bi?"

Da a farkon damina ne, da ta gan ta. Na tsaya ina kallonta, na san in na bari sai baɗi, ruwa kawai za ta ji a ƙafa.

Na je tasha na sami Basiru, wani direba da ya koyi mota a hannuna, yana yin Lome yana wucewa Ankara. Na ba shi kayan duka, na faɗa masa gidan kowa. Ba saƙon da ya ɓata, kowa ya karɓi nasa. Sannan na kira Yaya, don ban so ya ji a bakin wani.

"Yaya, kayan sun tafi da Basiru."

"Kai fa?"

"Ni ma zan tafi. Amma ba zan sauka gidan kowa ba."

"To ina za ku kwana?"

"Otel."

"Otel? Da matarka da 'yarka, kamar waɗanda ba su da dangi? Idi, mutumin nan ya kwashe kashinka da hannunsa."

"Na sani."

"Ka sani, za ka shiga garinsa ka wuce ƙofarsa don kallon ruwa?"

"Zan koma ni kaɗai bayan kaka. Ta'aziyya za ta jira. Idonta ba zai jira ba."

"Ubanmu bai koya mana haka ba."

Ya kashe wayar. Ban sake kira ba.

Muka tafi. Duk hanya Mmanku tana manne da taga, tana juya kai gaba ɗaya don ta kama abin da ke wucewa. A Lome Safiya ta samo mana ɗaki mai tsabta kusa da ruwa, nesa da zango. Da gari ya waye muka taka. Tun kafin mu isa ta tsaya ta ce wannan ƙarar ta mece ce. Na ce shi ne. Muka wuce itatuwan kwakwa, yashi yana cika mana takalma. Ta tsaya. Ta kalli gaba, ta juya kai dama a hankali, ta juya hagu, ta sake komawa dama.

"Ina ɗaya gaɓar?"

"Babu."

"Malam, ka ga wannan duk shekarun nan ka ce mini kalma ɗaya?"

Ta cire takalmi ta miƙa wa Safiya. Ruwa ya zo ya jiƙa mata sabon zane har gwiwa, ya ja yashin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta kama hannuna mai yatsu uku tana dariya. Ni ma ranar na fara sa ƙafa a ciki. Da sanyi. Ta ga jiragen ruwa sun yi layi can nesa, ta ce ashe su ma layi suke bi kamar motocinku. Kullum da safe muka koma har muka bar garin. A kasuwa ta sa aka warware mata atamfa kala-kala, ta kai su daf da fuska, ta sayi ɗaya mai ruwan shuɗi. Muka ƙetare iyaka a Aflawo. A Ankara ta yi sallar azahar a masallacin nan, ta fito tana ɗaga kai har ɗankwali ya zame. Ta ga kwalekwalen masunta, ta yi ciniki da mai kifi, ba mai jin harshen wani, ta kuma ci riba. Jirgin sama ma ya sauko ta kanmu, ta sunkuya. Motar da muka shiga ta bi ta gefen Nima. Na ga kwanar da ke shiga gidan Malam Hamidu. Na yi masa addu'a a zuciya, ban ce a tsaya ba.

Tafiyar ba ta ɓoyu ba. Tun a Lome wani ɗan zemijan, mai babur ɗan Dapango, ya gane ni ta hannuna. Kafin mu dawo labari ya riga mu. An ce an ga Idi da matarsa suna wasa da ruwa kamar Turawa. Yaya bai ɗauki wayata ba har aka girbe gero.

Bayan kaka na cika alkawari. Na tafi Nima ni kaɗai. Aka kai ni wurin Inna Asabe, ta tsufa ƙwarai. Na tsuguna na yi ta'aziyya. Ta amsa, sannan ta dube ni.

"Na ji ka zo garin nan ka kwana a otel."

"Na zo, Inna."

"Kai da na ɗura wa kunu a baki."

"Ni ne. Matata ce idonta ke rufewa. Na kawo ta ta ga teku kafin ya rufe."

Sai ta tambaye ni:

"Ta gani?"

"Ta gani."

"To. Allah ya jiƙan Malam."

Ta sa aka kawo mini abinci, na ci. Da na tashi tafiya, babban ɗan Malam Hamidu yana zaune a zaure. Na yi masa sallama ya amsa, amma bai tashi ya raka ni ba, ko zuwa bakin ƙofa. A gidan da a da ake raka ni har tasha. Har yau in na kira shi sai dai ya ce lafiya, ya ajiye. Yana da gaskiyarsa. Ubansa ne. Wannan shi ne abin da tafiyar ta ci mini, kuma na san za ta ci tun kafin in hau mota. In kun je Ankara ku shiga gidan ku gaishe su. Ko sun sake muku fuska ko ba su sake ba, ku shiga.

Yaya ya sauko Sokode da babbar salla. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Mmanku ce ta zaunar da shi ta ba shi labarin teku tun daga ƙararsa har kifin da ta saya. Ya saurara har ƙarshe. Da zai tafi ya ce mata Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana cinyar rago. Ni dai bai ce mini na yi daidai ba, ban kuma nema ba.

Yanzu ina nan Sokode, a gidan da kuka sani. Na bar mota. Idon Mmanku ya rufe damina biyu bayan tafiyar, sai haske da duhu kawai take rarrabewa. Matar ƙaninku ce ke dafa shinkafa da wake, ita kuma tana zaune a gefe tana gane masu saye ta murya. Ran Juma'a takan ɗaura atamfar nan mai ruwan shuɗi, ba ta taɓa ɗaukar wata a madadinta ba. In mata suka taru takan ba su labarin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, kuma kowace shekara igiyar ruwan tana ƙara tsawo a bakinta. Takan juyo inda take jin numfashina ta ce, "Ko ba haka ba, Malam?" Ni kuma in ce haka ne. Da hantsi nakan fito da tabarma ƙarƙashin mangwaro, in kama hannunta in kawo ta, mu zauna.